Butocin Mai Farfesu

Shekarun da na yi ina karatu a jami'a, a gidan kawuna na zauna a Yelwa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, haifaffen Ƙofar Ran, wanda ya gina gidansa a nan tun unguwar tana gonaki. Saboda haka duk maganar da ta taso a layinmu gabansa ake kai ta, kuma abin da ya yanke shi ake bi.

Tsakanin gidanmu da masallaci akwai gidan abincin wata mata Kirista da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Sakwara take sayarwa da farfesun kayan ciki, kuma kowa ya san cewa a ɗakin ciki, bayan wani shuɗin labule, akwai giya. Ba a ganinta, don haka ba a zancenta. Kawu yakan ci farfesun matar, domin ya san mahaucin da take sayen nama a wurinsa. Baba take kiransa, shi kuma yana ce mata uwar yara.

Wata bazara wutar lantarki ta daɗe ba ta zo ba, ɗakin cikin ya koma kamar tanda, masu zuwa suka fara janyewa. Sai ta fito da tebura ta jera a gefen titi, daidai inda masu ƙafa suke bi. Ta san kwalba a bainar jama'a fitina za ta jawo, shi ya sa ta sayo butocin roba tana juye giyar a ciki. Daga nesa sai ka ɗauka mutane ne suke jiran lokacin salla.

Abin da ta manta shi ne, a garinmu butar da ke ƙofar shago ta kowa ce. Mai wucewa yakan ɗauka ya yi alwala ya mayar, ba tare da neman izini ba.

Wata rana muka dawo daga ta'aziyya a Zungur ni da kawu, muka sauka daga keke mai ƙafa uku ana kiran sallar La'asar. Ba shi da alwala. Ya hango buta a ƙasa kusa da ƙafar tebur, ya ɗauka, ya tsuguna a bakin kwata, ya yi bisimilla ya zuba a hannu. Kumfa ta taso masa har wuyan hannun riga.

Mai butar, wani malamin jami'a, ya miƙe a hankali ya ce, "Baba, ba ruwa ba ne."

Kawu ya dubi hannunsa ya ce, "Na ga alama, malam. Ruwan garin nan ba ya kumfa."

Matar ta fito a guje da sabulu da bokiti, tana zuba masa ruwa. Kawu ya wanke hannunsa. Gida ya koma ya sauya riga, kuma a sanina ranar ce ya fara rasa jam'i.

Washegari da hantsi mutanen layi suka cika ƙofar gidanmu. Bukatarsu ɗaya ce: kawu ya shige gaba a kai ƙara wurin hukuma a rufe gidan abincin baki ɗaya. Matar tana durƙushe a gefe, ta rufe kanta da mayafi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Wani matashi ya ce, "Baba, da hannunka fa ka taɓa giyar."

"Hannun nawa ne, kuma na wanke shi," in ji kawu. Ya juya wajenta. "Uwar yara, duk kwanukan gidanki, me ya kai ki ga buta?"

"Baba, kunyarku na ji. Ban so ku ga kwalba a hanyar masallaci ba."

"Ashe kunyar ce ta sa kika zuba mini ita a hannu."

Wasu suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Idan aka rufe, Baba, ina zan kai yaran? Babbar tana makarantar jinya."

Kawu ya yi magana da muryar da yake karanta wa mutane sharuɗɗan sulhu. Ya ce ba zai halatta mata abin da addininsa ya haramta masa ba, kuma ba shi zai yi mata hisabi ba. Amma hanya ta kowa ce, ta mai zuwa masallaci da ta yaron da aka aika, don haka ba wanda zai sha giya a kanta, a kwalba ko a ɓoye. Teburan su zauna da abinci da lemo, sauran ya koma bayan labule. Idan zafi ne, a fasa taga. "Buta kuwa," in ji shi, "ruwa kawai ta sani." Ya ƙara da cewa duk mai son kai ƙara ya je, amma ba da sunansa ba. Ba wanda ya je.

A makon ta kira magini ya fasa tagar. Ta zubar da tsofaffin butocin, ta sayo sababbi, kullum ta cika su da ruwa ta jera a bakin hanya kafin Azahar. Masu keke da ɗalibai suka saba da su.

Kawu ma yakan yi alwala a wurin, sai dai bai taɓa zuba ruwan ba sai ya kai butar hancinsa.

"Baba, ruwa ne," takan ce daga bakin murhu.

"Na sani, uwar yara. Ni na yafe, hancin ne bai yafe ba."

Babbar 'yar ta gama karatunta kafin in gama nawa. Ita take zuwa gidanmu yanzu tana auna wa kawu hawan jini.