Ƙyallen da Inna ta sauke

Shekarar da fari ya kashe mana shanu, a ita tarin fuka ya kama Baba. Na baro gidan mijina a Maigatari na dawo Sule Tankarkar da goyona, don in taya Inna jinya.

Malamin asibiti a Gumel ya ja mu gefe ya ce cutar a numfashi take tafiya, duk mai shiga ɗakin ya rufe hanci da baki. Ya ba mu abin rufewa irin nasu guda ɗaya, fari mai igiya. Sauran ya ce mu ɗinka, amma ƙyallen ya zama mai kauri.

Na zazzage akwatin Inna a tabarma. Kallabi ya yi shara-shara, ana hango rana ta cikinsa. Saƙi kuwa, ka ɗaura ka ji kamar an cusa kanka a buhu. Na tsaya a kan wata tsohuwar atamfa, na ninka ta na ɗinka. Na asibitin na ba Inna, don ita ce mai kwana a ɗakin. Ta ɗaura tana mita, wai ta zama jakin da aka hana cin dawa.

Da farko ta bi doka. Sai allurar da ake yi wa Baba ta fara taɓa kunnensa. Kafin kaka ba ya ji sai an ɗaga murya, daga baya ko ihu ba ya ji. Bakin mutum yake kallo ya gane magana, mu kuwa duk bakinmu a rufe. Sai ya bi mu da ido, ya gaji, ya juya ga bango. Mutumin da ke cika zaure da hira ya koma yini ba ya cewa uffan. Abinci ma ya fara turewa.

Wata rana da hantsi na shiga da koko, na tarar da Inna a bakin gadonsa, ƙyallen a wuyanta. Ta matso da fuskarta dab da tasa, tana ba shi labarin ɓarnar akuyar maƙwabta a hankali. Baba na dariya, yana tari, yana dariya.

Na jawo ta waje, raina a ɓace. "Inna, so kike mu rasa ku duka?"

"Ke ki rufe naki, kina da goyo," ta ce. "Ni tun ina yarinya yake jin bakina. Ba zan bar shi ya tafi cikin shiru ba."

Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wajen kawuna. Ba ta sake ɗaurawa ba. Baba ya koma cin abinci, ya koma hira, ya rasu bayan babbar salla.

Har yau in na tuna sai haushinta da tausayinta su taso mini tare, kuma ban san me zan yi ba da ni ce a matsayinta. Bayan rasuwarsa, damina na kamawa Inna ta fara tari. Ranar da na shiga ɗakinta da magani fuskata a buɗe, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Koma ki ɗauro ƙyallenki," ta ce. "Ni kunnena ƙalau."