Sallau da Rami na Huɗu

A Dakoro, in ka bi bayan kasuwar dabbobi ka yi gabas, za ka tarar da wani fili mai yashi da ake ce wa Gorar Nasara. Matasan yanzu sun san sunan, ba su san dalilinsa ba. Mutum biyu suka rage da suka sani, kuma shekara kusan arba'in ke nan bakinsu bai zo ɗaya a kai ba.

Na farko Sallau ne, dogo siriri mai koɗaɗɗen rawani, wanda in yana magana sai ka matso kusa. An haife shi ranar Sallah a wani zango arewa da Rumbu, ya tashi a bayan shanu, ya san kowace rijiyar daji da ɗanɗanon ruwanta. Na biyu taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda Sallau ya riƙa kira Ɗangoggo har gari ya ɗauka, sunan yanka ya ɓace. Shi gajere ne mai tumbi, kuma in yana magana sai ka ja da baya.

Shekara biyu bayan babban fari na tamanin da huɗu, wani furoje, wato aikin agaji na ƙasar waje, ya kawo likitan dabbobi Nasara, ana ce da shi Mushe Lusiyan, wato Malam Lusiyan a Faransanci. Ɗangoggo ne kukunsa, shi ya samo wa Sallau aikin gadi, don a lokacin Sallau ba shi da ko akuya. Mushe ya zo da wata doguwar jaka cike da sandunan ƙarfe masu lanƙwasasshen kai, da ƴan ƙwallaye farare kamar ƙwan zabo. Wasan garinsu ne, golf: ka bugi ƙwallo daga nesa har ka jefa shi rami, ka wuce rami na gaba. Mutanen gari suka duba, suka ce ai ƙwallon gora ne irin na makiyaya, sai dai shi wannan bawan Allah shi kaɗai yake yi, ba abokin karawa, ba gudu. Suka tausaya masa ƙwarai.

A kan teburin kicin Mushe ya zana filin da rula, ramuka bakwai, layi miƙaƙƙe daga kowane rami zuwa na gaba. Ɗangoggo ne ya danne masa gefen takardar kada iska ta ɗauke, abin da har yau yake lissafawa cikin manyan ayyukan da ya yi a duniya. Sallau kuwa aka ba shi dagi da gwangwanin tumatir bakwai, aka ce ya binne kowanne inda takarda ta nuna.

A nan gardamar take. Ɗangoggo ya ce Mushe ne ya tsara filin kaf, ga takarda a adakarsa cikin leda, Mushe ya bar masa ranar da zai tafi. Sallau ya ce ramuka shida na Mushe ne, amma na huɗu nasa ne. Takarda ta ratsa tsakanin wasu itatuwan aduwa uku, shi kuma ya janye gwangwanin taki sittin kudu da su, yadda mai wasa sai ya kewaye. A cewarsa Mushe ya yi faɗa ranar farko, rana ta biyu ya ce duk filin ba ramin da ya kai wannan daɗi.

"Makiyayi ya gyara ma likita takarda!" in ji Ɗangoggo a majalisar shayi, yana kallon jama'a. "Wanga da ko sunanshi bai iya rubutawa. To mi ya sa ka janye shi?"

"Haka na ga ya fi."

"Kun ji ko? Haka ya ga ya fi. Injiniyan gwangwani."

Sallau sai ya yi murmushi, ya ci gaba da tufkar igiyarsa, don bayan furoje ya tashi sana'ar da ya kama ke nan. Ya auri Fadimatu, suka haifi shida, ya aurar da su duka. Bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa cin gardama ba, bai kuma taɓa sakin wannan ba.

Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne, Sallau ya san gindin aduwan nan tun kafin Mushe ya san akwai Dakoro. A shekarar fari, da shanu suka ƙare, mutanen daji suka gangaro suka yi zango a filin. Sallau ya zo da matarsa ta fari, Hanatu, da ɗiyarsu mai shekara biyu. Ƙyanda ta shiga zangon. Cikin kwana tara aka binne mutum goma sha ɗaya a gindin aduwan, don waɗanda suka rage ba su da ƙarfin ɗaukar gawa zuwa maƙabartar gari. Yarinyar ce ta bakwai, uwarta ta tara. Aka ɗora ƙaya a kan kaburburan yadda aka saba, masu neman itacen girki suka kwashe, iska ta daidaita yashi. Da ruwa ya sauka sauran mutanen zango suka koma arewa. Ɗangoggo yana ci-rani a lokacin. Da ya dawo ya yi ta'aziyya, bai tambayi inda aka sa su ba, don ba tambayar da ake yi ba ce.

Sallau kuwa ba zai faɗa ba. A gidan da ya tashi, namiji ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya nuna ya damu da shi, ko yana raye, balle ya zauna cikin maza yana zancen rashinsa. Wannan kara ce, kuma da ita aka san ɗan mutunci. Saboda haka abin da ya iya shi ya yi. Ya kau da ƙafar Mushe daga kansu, kuma duk shekara bayan girbi yakan sari ƙaya ya jibge a gindin aduwan. Mutane suka ɗauka tsufa ne, yana yi wa manyan itatuwa shingen awaki.

Bara waccan hukumar gari ta yanke shawarar fitar da hanya daga kasuwar dabbobi zuwa babban titi, don manyan motoci su daina ratsa unguwa. Aka nemi wata shaida da ta nuna filin ba gonar kowa ba ce, ba a samu ba sai takardar Ɗangoggo. Ranar da ya kai ta ofis babbar riga ya sa. Mai awon fili, wani natsattsen mutum da ake kira Zaharaddini, ya duba ya ga layin da ya tashi daga rami na uku zuwa na huɗu ya miƙe sak inda ake so. Ya ce nan hanya za ta bi, a sare aduwa uku, katafila ta daidaita wurin.

Sallau ya ji labarin a masallaci bayan azahar. Ya koma gida ya zauna, igiya a cinyarsa, bai tufka ko kamu ɗaya ba. Fadimatu ta ajiye masa fura, ta dawo ta tarar da ita yadda ta bar ta. Ita ta sani, ba don ya taɓa gaya mata ba, sai don shekara talatin tana ganin inda yake kai ƙaya.

"Malam," ta ce, "in ba ka faɗa ba, wa za ya faɗa?"

Da safe ya ɗauki dagi.

Ya tarar da Zaharaddini yana kafa turakun siminti, Ɗangoggo a gefensa yana ba da shawarar da ba a nema ba, ga wasu dattawan majalisa sun zo kallo. Sallau ya yi sallama, ya ce takardar nan ba daidai take ba, rami na huɗu ba a nan yake ba.

"To, ga injiniya ya iso," in ji Ɗangoggo. "Ku ba shi kujera."

Sallau ya jingina bayansa da aduwar tsakiya, ya fuskanci kudu, ya fara taku yana ƙirgawa a ransa. Da ya kai sittin ya ƙara huɗu, don ƙafar tsoho ba ta saurayi ba ce. Ya durƙusa ya fara haƙa. Wuri na farko ba kome. Ɗangoggo ya ce a kawo masa guga, ƙila rijiya yake nema. A wuri na biyu, da ramin ya kai zurfin gwiwar hannu, dagi ya yi ƙara. Ya sa yatsu ya zaro gwangwani, tsatsa ta cinye gindinsa, bakinsa dai yana nan.

Dattawa suka yi salati. Ɗangoggo ya karɓa ya jujjuya, ya ce gwangwanin tumatir ai ko'ina akwai shi, amma muryarsa ta ragu.

Zaharaddini ya ce, cikin ladabi, "Baba, na yarda, kai ka kafa ramin. Amma gwangwani ba ya hana hanya. In wasan ne, an daina shi tun ban shiga makarantar lakwal ba. In da wani dalili, faɗa mini, in kai gaba."

Sallau ya daɗe a durƙushe yana kakkaɓe yashi daga hannunsa. Ya ci gardamar shekara arba'in, bai kuma tsirar da kowa ba. Ya miƙe a hankali, ya juya wajen aduwan, bai kalli fuskar kowa ba.

"Akwai mutane kwance a nan," ya ce. "Goma sha ɗaya. Na shekarar fari. Ni na haƙa ma biyar daga ciki."

Zaharaddini ya matso kusa da shi.

"Naka ne, Baba?"

Sallau ya ɗaga yatsu biyu.

Ɗangoggo ya dubi yatsun, ya dubi tarin ƙayar da ya sha yi wa dariya, gwangwanin ya suɓuce daga hannunsa. Abin da uba ba zai iya faɗa ba, taubashi yana iyawa.

"Hanatu ce," ya ce wa mai awo, "da ɗiyarta Rahinatu. Ni na yanka ragon sunanta." Ya juya ga Sallau, idanunsa sun kawo ruwa. "Kai wane irin mutum ne? Shekara arba'in kana bari ina maka dariya a kansu?"

"Ai kai ma kana buƙatar abin yi," in ji Sallau.

Wani dattijo ya ɗaga hannu aka yi addu'a a tsaye. Da aka shafa, Ɗangoggo ya zare biro daga aljihun Zaharaddini ba tare da ya nemi izini ba, ya shimfiɗa takardar Mushe a kan motar mai awo, takardar da ko matarsa bai taɓa bari ta taɓa ba. Ya soke miƙaƙƙen layin, ya ja wani lanƙwasasshe da ya kewaye aduwan ta kudu. Layin ya fito kamar sawun maciji.

"Kai ma magajin gari wannan," ya ce. "Ka ce mishi kuku ya shaida. Nasara bai san kome ba a rami na huɗu."

Bayan sati uku aka tuge turakun aka mayar da su kudu. Hanyar da aka yi ta bi ta kan ramin Sallau daidai, direbobi har yau suna mitar kwanar, suna tambayar wane ne ya tsara ta. An kewaye aduwan da bulo ƙafa uku, amma Sallau bai daina kai ƙaya bayan girbi ba. Yanzu su biyu suke zuwa. Sallau ke sara, Ɗangoggo ke ja, yana ƙorafin bayansa tun daga bakin kasuwa, in sun isa gindin aduwan ya yi shiru.