Taswirar da Aka Ci Shinkafa a Kai

Ni ɗan bakin kogi ne, a Yawuri na tashi, sai ga ni ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Misfala ta Makka, garin da duk inda ka waiga dutse ne. Abin da ya riƙe ni shi ne wani ƙaramin kwalekwalen roba mai cin mutum biyu da na ajiye wurin wani masunci a gaɓar Shu'aiba, da kuma taswirar teku da na sayo a Jidda.

Kafin na same ta sai da na sha yawon shaguna. Wadda aka fara miƙo mini ta manyan jiragen ruwa ce, gaɓar tamu ko tsawon farce ba ta kai ba a ciki. Tawa kuwa tana nuna zurfin kowane lungu da inda duwatsun murjani ke ɓoye, kuma ruwa ba ya jiƙa ta. Duk fitar da na yi sai na ƙara alama da fensir: nan iska ke juyawa, nan na taɓa fasa gindin kwalekwale.

Ɗakinmu ɗaya da taubashina, ɗan kawuna, direba. Wata Juma'a ya yi baƙi, ledar shimfiɗar cin abinci ta ƙare, sai ya ɗauko taswirata ya baza suka ci shinkafa da kaza a kai. Da suka gama ya naɗe ta da ƙasusuwa ya kai shara.

"Haba ɗan gwaggo, halas, ya wuce mana," in ji shi yana dariya. "Takarda ce fa. A Makka wane teku kake nema?"

Taubashi ba a fushi da shi a gaban mutane, don haka na haɗiye. Amma wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Na sayo sabuwa, alamomina kuwa sun tafi ke nan.

Ana nan sai ga shi yana roƙon in kai shi teku, yana son hoton da zai tura gida. Na ce bismilla. Na shimfiɗa sabuwar na zaɓa masa wuri a tsanake: nesa da gaɓa sosai, ruwan gurɓatacce ne, ba a ganin ƙasa, amma zurfinsa bai wuce cinya ba.

Muna isa na ce, "Nan fa ko dogon bene ka jefa, ya nutse." Ya ƙanƙame gefen kwalekwalen. Na karkata jikina kaɗan, muka kife.

Bai iya iyo ba. Ya yi ta dukan ruwa yana ihu, yana kiran uwarsa, yana cewa in yafe masa. Ina tsaye a bayansa ina kallo, daɗi har cikin ƙashina. Sai da muryarsa ta dushe na ce, "Ɗan kawu, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ya dubi cinyoyinsa, ya dube ni.

A mota yana rawar ɗari, tufafinsa sharkaf, haƙora na haɗuwa. Na ƙure na'urar sanyi har muka shiga Makka.