Maganar da na yi cikin harami a gidan Yaya Habu

Ni ne da laifi, kuma gara in faɗa tun kafin in fara labarin hanya. Yaya Habu bai yi mini komai ba, bakina ne ya ja.

Kano zuwa Jidda

Sunana Sani, kayan gyaran babur nake sayarwa a Kano. Umarata ta farko ke nan, kuma zuwan farko wurin yayana Habu, wanda ya tafi aikin hajji tun ina saurayi ya yi zamansa a Makka. Jirginmu ya tashi kafin asuba. Da aka yi shelar mun kusa miƙati, na ɗaure haramina da kyau na yi niyya, maƙwabcina a kujera yana ta gyara mini mayafin da ya ƙi zama a kafaɗa.

Yaya bai zo tarbata ba, don ba shi da takardun zama, kuma akwai shingen 'yan sanda tsakanin Jidda da Makka. Wani direba Bamaraɗe ya aiko. A shingen aka leƙa fasfona aka ce, "Yalla," wato mu wuce. Sai wayar direban ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Da ya duba, ya waiwayo ni.

"Ya Hajji, ka ji? An harbi tsohon shugaban Amurka, mai son ya dawo ɗin nan. A kunne aka same shi, bai mutu ba."

Tandabawi

Gidan Yaya yana can saman wani lungu a unguwar Tandabawi, matakala kamar ba za ta ƙare ba. Yaya ya rungume ni yana dariya yana kuka. "Wannan tumbin fa, auta? Babur kake sayarwa ko ci kake yi?" Matarsa, Yaya Rabi, ta kawo wake da suke kira ful, da gurasar tamis mai zafi, da shayi.

Amma Yaya bai ci ba, kunnensa na jikin rediyo. Ashe tarihin shugabannin Amurka a kansa yake. Ya lissafa mini huɗu da aka kashe: wani a gidan wasan kwaikwayo, wani a buɗaɗɗiyar mota kusa da matarsa. Ya ce akwai wanda aka harba a ƙofar otel ya rayu. "Duk waɗancan 'yan ƙasarsu ne suka yi. Allah ya sa wannan ma haka ne. Sunan mai harbin kawai nake jira."

Ni kuwa, da wake a bakina, na ce, "Kash! Ai mai harbin ne ba shi da saiti. Mutumin da ya rufe wa Musulmi ƙofa?"

Yaya ya ce, "Kana cikin harami, Sani."

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma na saba da musun majalisar bakin shago, inda mai ƙarfin murya ke da gaskiya. Na jero yaƙe-yaƙensu, na ɗaga murya, daga ƙarshe na ce, "Kai da ko takardar zama ba ka da ita, me ya haɗa ka da tausayin Amurka?"

Ya miƙe tsaye. Ya ɗauki jakar askarsa, don wanzami ne, ya fita. Alhali da ya shirya ya raka ni ɗawafi.

Yaya Rabi ta kwashe kwanuka, sannan ta tsaya a kaina. "Ƙanin miji, ka manta Mansur?" Mansur ɗansu ne, yana tuƙin tasi a Amurka. Ta ce ya taɓa shirin zuwa, sai aka yi dokar hana shiga Amurka, ya ji tsoron idan ya fito ba zai koma ba, ya fasa. Yanzu ya sayi tikitin wata mai zuwa. "Yayanka ba ya iya fita ko Jidda. Idan mai harbin nan ya zamo sunan Musulmi gare shi, halas, shi ke nan, sun sake rufe ƙofa, kuma Mansur ne zai kwana da tsoro a cikin motarsa. Tun safe muke kiransa bai ɗauka ba."

Masallacin Harami

Na tafi ni kaɗai. Na ga Ka'aba, abin da na yi shekaru ina roƙo, amma na kasa haɗa addu'ar da na haddace. A Safa da Marwa, duk zagaye sai in tuna fuskar Yaya. Na gane rediyon nan ba son Turawa ba ne. Duk harsashin da aka harba can, duk rikicin da suka shiga da wata ƙasa, shi yana auna shi ne da ko zai sake ganin ɗansa.

Da na fito, masu aski suka yi mini caa. "Aski, ya Hajji, aski!" Na wuce su. Umara ba ta cika sai an yi aski, ni kuma ban ga yadda zan cire harami da wannan maganar a wuyana ba.

Jarwal

Na yi ta tambaya har aka nuna mini inda Yaya yake aiki a unguwar Jarwal, ƙarƙashin matakalar wani masaukin alhazai. Yana aske wani Bature Musulmi, yana kallon titi saboda 'yan sintiri. Na bi layi kamar kowa. Da ya zo kaina ya jiƙa mini gashi.

"Yaya, Mansur ya kira?"

"Ya kira, barci yake yi. Wani yaro Ba'amurke ne, ɗan ƙasarsu, ya yi harbin. Sunkuya."

Ban sunkuya ba, na riƙe hannunsa. Na ce, "Yaya, na yi wa mutum fatan mutuwa ina cikin harami, wannan tsakanina da Allah ne. Amma na ci abincinka na yi maka gorin zamanka, ban ko tambayi ɗanka ba. Shekara nawa ban tambaya ba. Ka yafe mini, don Allah."