Akuyar Ƙarfe a Bakin Kwata

Ban san ta ba, na dai ji mai koko tana kiranta Hikma. Siririya ce, yatsunta duk baƙin mai, ta ci ɗamara da mayafi kamar mai shirin dambe. Tana tsugune a bakin kwatar layinmu a Zango, rimot a hannu, a gabanta wata na'ura mai ƙafa huɗu tana karkarwa.

Dattawan da ke zaune kan benci a tsallaken kwatar suna tattare riguna. "Kawar mana da karen nan, muna da alwala!" in ji mai jar hula.

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Baba, akuya ce. Tsallen awakin layin nan na kwaikwaya."

Ta danna. Na'urar ta zabura, ta faɗa tsundum cikin kwata. Har masu jiran trotro, motar haya, suna dariya.

Ina jin ba yau aka fara yi mata dariya ba, watakila tun daga gida. Ta zura hannu cikin baƙin ruwan, ta ciro abarta, ta goge da mayafin, ta mayar da ita inda ta tashi.

"Baba, ku ja bencinku," ta ce. "Wannan karon a gabanku za ta dira."

Mai jar hula ne ya fara miƙewa.