Lambar Jinin Zainaba

A unguwar Ajilari ta Maiduguri, in ka ce Zainaba mai ɗinkin hula sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Mai Agogo ko yaro zai nuna maka gidan. Tun da aka yi mata aikin zuciya a Sudan aka sa mata ƙarfe, ƙirjinta ke ƙas-ƙas in ɗaki ya yi tsit. Maƙwabta kan tsokane ta su ce ta duba musu ko la'asar ta yi.

Ƙarfen nan ya zo da sharaɗi. Kullum sai ta sha ƙwayar tsinka jini. In jinin ya yi kauri zai daskare ya toshe ƙarfen, in ya tsinke da yawa ko asuwaki sai ya sa ta zubar da jini. Don haka duk wata takan je shagon gwajin jini na Aloysius ya ba ta lambar kaurin jininta, ta buga waya Sudan, wata nas Bahaushiyar can ta ce ƙara rabin ƙwaya ko rage rabi. Da wannan rabi-rabin ta rayu, ta raini 'yarta Rahmat ita kaɗai, don mijinta ya fita kasuwa wata safiya a farkon rikicin, har yau shiru.

Sai aka katse layukan waya a garin baki ɗaya. Likitan da ya san ciwonta ya kwashe iyalinsa ya tafi. Ta je asibiti ta tarar da waɗanda bam ya tashi da su kwance har baranda, kunya ta hana ta cewa ita dasashinta ne ke jini. Ta dawo ta ci gaba da sha da ka. Allura na ɗan taɓa yatsarta sai hular mutane ta ɓaci.

Aloysius na ɗaure kayansa zai koma garinsu ta same shi. Ya gwada, ya dubi na'urar, ya dube ta.

"Madam, ni ba likita ba. Amma wannan lamba ban taɓa gani ba. Ki nemi mutanenki yau yau."

Neman mutanenta kuwa yana nufin hanyar Damaturu, wadda kowa ke shiga da kalmar shahada a baki, don sai ka kusa ƙasar Bauchi waya ke kamawa. Ta bar Rahmat wajen maƙwabciya. Yarinyar ta riƙe mata hijabi tana kuka, sai da Zainaba ta rantse mata gobe za ta dawo.

Ta shiga mota. Sun wuce motocin da aka ƙone, sun sauka a shinge bayan shinge hannu sama, har suka kwana a hanya. Washegari da hantsi wayar ta kama. Ta karanta wa nas lambar, ta ji matar ta yi salati.

"Zainaba, kada ki sha ƙwayar yau. Jininki ya zama ruwa. Ki shiga asibitin da ya fi kusa, su kwantar da ke. Kada ki hau mota, ko kanki kika buga shi ke nan."

"Kwana nawa?"

"Sai lambar ta sauko."

Tsoro ya kama ta sosai, don ba ta son mutuwa. Amma babu wayar da za ta shiga Ajilari. In magariba ta yi ba ta iso ba, Rahmat ta riga ta san ma'anar mutum ya fita bai dawo ba, kuma ba mai gaya mata wannan karon daban ne.

A tasha kwandasta na ta kiran Maiduguri, saura mutum ɗaya. Zainaba ta toshe hancinta da ya fara jini da gefen hijabi, ta shiga motar, ta roƙi wani dattijo ya bar mata tsakiya, inda kanta ba zai bugi gilashi ba.