Sallamar Obadiah a Dajin Kuje

Duk wanda firijinsa ya taɓa lalacewa a unguwar Gudu ya san Obadiah, mutumin Filato mai shagon gyara a bayan kasuwa. Surutu gare shi kamar rediyo. Amma ranar Asabar sai ya rufe shago, ya rataya wata kyamarar gwanjo mai dogon hanci, ya nufi dajin bayan Kuje ɗaukar hoton tsuntsaye. Matarsa Prudence ta yi mita har ta gaji. Ta ce mazan mutane in sun shiga daji da nama suke dawowa, nata kuwa sai hoton nama.

Dabararsa guda ce. Yana da tsohon gidan sauro da ya rina kore. Sai ya lulluɓa da shi, ya kwanta rub da ciki a ciyawa, hancin kyamara kaɗai a waje. Daga nan ba motsi, ba tari, ko cinnaka ta cije shi sai dai ya ciji leɓe. Da haka ya samu hasbiya da kanari da zalɓe. Carki ne kawai ya gagare shi, tsuntsun nan mai jan baki da ke cire wa shanu kaska. Ya yi shekaru yana nemansa.

Wata Asabar da damina yana kwance bakin rafi, sai wani garke ya gangaro shan ruwa. Ga carki a kan tozon wani farin bijimi, kusa da shi ƙwarai! Obadiah ya riƙe numfashi, ya fara dannawa.

"Salamu alaikum," wata murya ta ce daga bayansa.

Ya ji sarai. Amma da ya buɗe baki tsuntsun zai tashi, don haka ya yi gum. Aka sake sallama, da ƙarfi. Ya sake yin gum. To, a nan Obadiah ya tafka wauta. A dajin yanzu, wanda ya ɓuya a ciyawa, ya saita baƙin bututu kan dukiyar mutane, kuma aka yi masa sallama ya ƙi amsawa, ba wanda zai ce tsuntsu ya kawo shi.

Sai ya ji sanyin ƙarfe a ƙeyarsa. Adda ce. Mai ita Hammawa ne, dattijon da ke da garken, wanda ɓarayi suka kore wa shanu bara. Obadiah ya tuna Prudence ba ta ma san wane gefen dajin ya shiga ba.

"Baba, don Allah! Ba bindiga ba ne, kyamara ne. Tsuntsu nake ɗauka."

"Tsuntsu ne ya hana ka amsa sallama?"

Hammawa ya yi fito mai tsawo, aka amsa daga can wajen ruga. Obadiah ya miƙa kyamarar, ya nuna hoton. Bai taɓa ɗaukar mai kyansa ba, har ƙwayar idon carkin ta fito. Dattijon ko kallon tsuntsun bai yi ba.

"Wannan bijimina ne. Wa za ka kai wa ya gani? Ɓarayin bara ma sai da suka fara aiko mai ɗaukar hoto."

Muryoyi suna ta matsowa.

"Goge shi," in ji Hammawa. "In yarana suka tarar da shanuna a cikin abin nan, ba zan iya riƙe su ba."

Obadiah ya dubi carkin sau ɗaya. Ya goge, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya ya goge, hawaye na zubo masa. Dattijon ya sauke addar, ya nuna masa wata 'yar hanya ta cikin gonar masara, ya ce kada ya waiwaya.

Har yau Obadiah yana zuwa daji ranar Asabar, amma gidan sauron ya koma kan gado. Tun daga bakin rafi yake ɗaga murya ya rangaɗa sallama, ko ba kowa, sai ka ga tsuntsaye sun watse. Yana ganin carki jefi-jefi, daga nesa, yana tashi.